Zaman Almajiran Ilmi a Gwandu a Zamanin Da

Sau da yawa mukan ji waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai suna magana kamar ilmi mai zurfi baƙo ne a ƙasar nan, wai sai da Turawa suka zo sa'an nan aka san shi. Mu da muka fito Dalijan, cikin ƙasar Gwandu, mun ga ya kamata mu bayyana yadda magabatanmu suka yi karatu, don wanda bai san mafari ba ba ya sanin inda ya dosa.

A shekarar 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka Gwandu da jama'arsa. Daga baya garin ya zama mazaunin ƙanensa, Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829. Shi kuwa Malam Abdullahi, ko da yake mulkin yammacin daula na hannunsa, bai bar karantarwa da wallafa ba. Shi ya wallafa Liya'ul Hukkami a kan sha'anin mulki, da Liya'ut Tawili na tafsiri, da Bahrul Muhiti na nahawu. A cikin Ida'un Nusuhi kuma ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu, tun daga mahaifinsa da wansa Shehu har Malam Jibrilu ɗan Umaru.

To, ƙaƙa almajiri ke zama a wannan zamani? Babu ƙararrawa, babu aji, babu jarrabawar ƙarshen shekara. Zauren malam shi ne makaranta. In yaro ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, sai ya shiga littattafai. A fikihu ya fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, har ya kai Muhtasar. A nahawu ya ɗauki Ajurumiyya, sa'an nan Alfiyya. Almajirai su kewaye malam a kan tabarma, kowa da littafinsa cikin gafaka. Wanda aka zo kansa ya karanta Larabci, malam na fassara masa da Hausa ko Fulatanci, sauran suna saurare. Da haka ƙarami kan tsinci karatun babba tun bai kai gare shi ba.

Zaman kuwa ba na hutu ba ne. Littafi ba ya samuwa sai an ara an kwafa da hannu. Takarda mai tsada ce, don ta hamada ake kawo ta daga Tarabulus, tawada kuwa almajiri ke dafa abarsa. Da damina ya taimaki malam noma, wani kuma ya yi ɗinki don ya sami abin kai wa baka. In ya ƙare littafi malam ya ba shi ijaza, watau izinin karantar da shi, sa'an nan ya ɗauki buzunsa ya nufi wani malami wanda ya shahara a wani fanni.

Shaidar arzikin littattafan Gwandu ma ta fito daga bakin baƙo. A 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka garin. Nan ya sami littafin Tarihus Sudan, mai ba da labarin Tambutu da Songhai, ya kwana da yini yana kwafar abin da ya iya, ya kai Turai.

Gaskiya ne hanyar tana da jinkiri, mutum kan yi shekaru a kan littafi guda. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu masu koyon malanta mu riƙe. Malamin zaure ba ya barin almajiri ya wuce babi sai ya gane shi, domin sunan malam na tafe da ijazar da ya bayar duk inda aka kai ta. Mu ma yaran da za a danƙa mana amana ce, sunanmu kuwa zai bi su. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gaje su, amin.