Uba, Ka Tabbatar da Nasabar Ɗanka

Ɗan'uwa, in an yi maka haihuwa a Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, kada ka tsaya ga ragon suna. Je wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ka karɓi takardar haihuwa, ka duba an rubuta sunanka daidai.

A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Kano ke bi, ɗan da aka haifa wata 6 ko fiye bayan tarewa na mijin ne. In aure ya mutu, reno na uwa ne, amma ci, sutura da magani suna wuyanka. In an hana ka ganinsa, nemi dattawa su sasanta; in ya faskara, je gaban alƙali. Kada ka ƙwace shi da ƙarfi.