Filin Shawara: Gizo Ya Shiga Ajin Ingilishi

Ina koyar da Ingilishi a wani kwaleji kusa da Gazawa. Yarana ba sa buɗe baki a aji, sai ranar da na sa su ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da Ingilishi, har na bencin baya suka ɗaga hannu. Yanzu wani uba ya zo yana faɗa, wai ilimi ya turo ɗansa nema, ba tatsuniya da rana tsaka ba. In daina?
Mushe, daga Gazawa

Ɗana, kada ka daina, amma kada ka tsaya kan Gizo. Yaron da ya juya tatsuniyar kakarsa ya samu kalmomi, bai san komai ba game da masu harshen. Kawo tasu ka ajiye kusa da tamu.

Ɗauki Cinderella ka haɗa da 'yar bora da 'yar mowa. Yarinya ce ake bautarwa a gida, ƙarshe ta auri ɗan sarki, wannan yara za su gane nan take. Sai ka tambaye su: ina uwar Cinderella? Ta mutu. A tamu kuwa sau da yawa bora na nan da ranta, tsakar gida ɗaya da mowa, ana rabon kwana da girki. Can wajensu mace ɗaya ake aure, don haka sai uwa ta rasu kafin wata ta shigo ta gallaza wa 'yarta. Bar su su gano wannan da kansu, su yi ta gardama, in dai da Ingilishi ne ko da gurgu. Kada ka yanke musu wace al'ada ta fi.

Daga baya ka kawo Brer Rabbit, zomon Amurka da ya manne a jikin 'yar kwalta, kamar yadda Gizo ya manne wa 'yar danko. Daga bakin bayi 'yan asalin Afirka aka rubuta shi.

Shi kuwa uban, ka je gida ka gaishe shi, ban da musu. Nuna masa littafin ɗansa, ya ga shafi cike da rubutu irin wanda jarrabawar BEPC ke nema. Tuna masa tun Maris 2025 Nijar ta sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. In tatsuniyar rana ce ta dame shi, yara su karɓo ta da dare wajen tsofaffi, da safe a rubuta. Ka roƙe shi ya ba ɗansa ta farko.