ME KE SA IDO RAƊAƊI?

Ido ba ya raɗaɗi haka kawai. Kowane ciwon ido yana da mafari. Wanda ya san mafarin ya san abin da zai yi.

1. Abin da ya faɗa cikin ido

Ƙurar hunturu, hayaƙin murhu, da ƙaiƙayin hatsi lokacin sussuka da sheƙa, duk suna sa ido ya yi ja, ya yi ta hawaye. Kada a murza. Murza tana sa ƙaiƙayi ya karce baƙin ido, wurin ya zama gyambo. A wanke da ruwa mai tsabta.

2. Ruwa mai dafi

Nonon tunfafiya da maganin ƙwari na gona suna ƙona ido. In sun fantsama ciki, a yi ta zuba ruwa har minti 15, sa'an nan a tafi likita ranar nan.

3. Apolo

An fara ganin wannan ciwo a ƙasar Gana cikin shekarar 1969. Ido ya kumbura, ya yi ja, kamar an zuba rairayi ciki. Yana bin hannu, da tsumman shafe fuska, da tandun kwalli. Yakan warke cikin sati 1 ko 2.

4. Amodari

Shi ne mafi haɗari, don sannu yake aikinsa. Ƙwayar cuta ke kawo shi. Ƙuda ya sauka bisa kwantsa ko majinar yaro, ya tashi ya sauka bisa idon wani. In ciwon ya yi ta dawowa, cikin fatar ido ya yi tabo. Bayan shekaru gashin ido ya juya ciki, yana kartar ido duk lokacin da mutum ya ƙyafta. Ya fi kama mata, don su ke tare da yara. Tuge gashin ba magani ba ne, zai sake tsirowa. Ƙaramin aiki ake yi wa fatar ido a likita. In an makara, sai makanta.

Abin da ba a sa wa ido

Fitsari, ruwan ganye, sukari, da maganin ɗigawa na ƴan tebur. Suna iya kashe idon da zai warke.

Yaushe ake gaugawar zuwa likita?

- In idon jariri yana zubar da mugunya.
- In yaro mai dussa ya ƙi buɗe ido.
- In farin tabo ya fito bisa baƙin ido.
- In gani ya ragu.
- In raɗaɗi ya wuce kwana 2.

Riga-kafi ba shi da tsada: a wanke wa yara fuska da sabulu kowace safiya, a share gida, a yi salga. Inda babu ƙazanta, ƙuda ba ya zama.

Tambayoyi

1. Don me ba a murza ido?
2. Yaya amodari ke tashi daga wani yaro zuwa wani?
3. Wa ke tuge gashin ido cikin garinku? Wa zai kai shi likita?