Malam Bello Kagara da Littafinsa Ganɗoki

A wannan darasi za a dubi rayuwar Malam Muhammadu Bello Kagara, da yadda shekarunsa suka yi tasiri a kan ƙagaggen labarinsa, Ganɗoki.

An haifi Malam Bello a shekarar 1890, kuma shi yayan Abubakar Imam ne. Ya yi karatun allo da na ilimi a gida, daga baya ya shiga makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano. Ya daɗe yana koyarwa a Kwalejin Katsina, ya yi alƙalanci, har ya zama Walin Katsina. Ya rasu a 1971.

Lokacin da Dokta R. M. East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, Malam Bello ya haura shekara 40. Ƙanensa Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana da shekara 22, shi kuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, bai ma kai haka ba. Wannan tazara ba ƙaramar aba ba ce. Waɗancan samari an haife su ne bayan Turawa sun ci ƙasa, saboda haka labarin zamanin da suka ji. Malam Bello kuwa yana yaro mai wayo, ɗan shekara 11, aka ci Kwantagora a 1901.

Daga nan ne ƙarfin kashin farko na littafin ya fito. Ganɗoki jarumi ne da ya yaƙi Turawa, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas har Burmi, inda aka yi gumurzun 1903. Wurare da sarakunan da aka ambata na gaskiya ne, kuma zafin shan kaye da ke cikin maganar jarumin bai yi kama da na wanda ya tsinci labari a bakin wani ba. Bayan haka sai labarin ya sauya, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka shiga duniyar aljannu, kafin ya dawo gida ya tarar da ƙasa ta canza. Wasu manazarta na ganin wannan rauni ne. Ana iya cewa kuma, wanda aka ci da yaƙi a fili, a ƙasar aljannu kaɗai zai iya ramawa.

Malamin da zai koyar da littafin a Yawuri, Ngaski ko Shanga sai ya yi hattara. Mayaƙan Kwantagora da Ganɗoki ke alfahari da su, su ne suka riƙa kai hari ƙauyukan Kambari, kuma mai yiwuwa jikokin waɗanda abin ya shafa suna zaune a ajinsa.

Aikin Ɗalibi

Tambayi wani dattijo na garinku abin da ya ji game da yaƙe-yaƙen Kwantagora, sannan ka kwatanta shi da yadda Ganɗoki ya ba da nasa labarin.