Mu Koyi Turanci: Kalmar "Noticeably"

Jama'a, kalmarmu ta wannan wata ita ce noticeably. Ana faɗinta "notisabli". Ma'anarta: a fili, yadda kowa zai lura ba sai an nuna masa ba. Tushenta notice, wato lura.

Sau da yawa tana zuwa kafin kalmar da ke nuna canji. Ga misali:

The millet is noticeably taller. Geron ya ƙara tsawo, kowa ya gani.

Manomin Kademi da ya zuba taki zai iya faɗin haka a watan Agusta.

The child is noticeably thinner. Yaron ya rame a fili.

Wannan jimla ta biyu gargaɗi ce. In rama ta kai har maƙwabta sun lura, wataƙila tamowa ta yi nisa. Kada a jira. A kai yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 asibiti a Gaya ko Ajingi, a auna damtsensa. In kaurinsa bai kai santimita 11.5 ba, akwai haɗari.

Aiki: rubuta jimla ɗaya da noticeably a kan tsadar masara, ka nuna wa malamin ajinku.