Dauɗar Kunne: Wa Zai Cire Ta, Kuma Ta Yaya?

Jama'ar Zongo, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zongo, a saurara. Dauɗar kunne ba cuta ba ce. Aikinta tare ƙura da ƙananan ƙwari kada su kai ga dodon kunne, kuma tauna da magana kan turo ta waje sannu a hankali. Sai ta taru ta toshe hanya, ji ya ragu, kunne yana ƙugi, sannan ake neman mai cirewa. Sau da yawa mu ne ke jawo toshewar da tsinken ashana, da gashin kaza, da tsinke mai auduga. Zurfin ramin kunnen babban mutum kimanin santimita 2.5 ne kacal, ga shi muna ta danna dauɗa ciki kamar mai ɗura buhu.

A asibiti, irin su Komfo Anokye da mutanen Kumasi ke kira Gee, ba a taɓa kunne sai an haska an leƙa. Wannan leƙawar ita ke zaɓen hanya.

In dodon kunne lafiya lau yake, akan ce a ɗiga man zaitun ko maganin ɗigawa kwana 3 zuwa 5 don dauɗar ta yi laushi, sannan a wanke da ruwa. Ruwan nan dole ɗuminsa ya zo daidai da na jiki, wajen digiri 37. In ya yi sanyi ko zafi, nan take jiri zai kwashi mutum. Wanki ya fi sauƙin samu. Amma wanda dodon kunnensa ya taɓa hujewa, ko kunnensa ke zubar da mugunya, ko aka taɓa yi masa tiyata a ciki, to ba shi ba wanki, domin ruwan zai kai ƙwayoyin cuta can ciki. Mai ciwon sukari ma ya faɗa tun kafin a fara.

Irin waɗannan sai na'urar zuƙo. Likita na kallo ta madubin ƙara girma, siririn bututu na tsotse dauɗar, babu ruwa ko ɗigo. Akwai ƙara kam, yara ba sa so, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. A ganina ta fi sauran aminci. In kuwa dauɗar ta daskare a kusa da baki, ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya isa a janyo ta, matuƙar mutum zai zauna shiru.

Wanzamai fa? Muna girmama su, kaka da kakanni su ke mana aski da ƙaho. Sai dai wajen cire dauɗar kunne, tsinkensu na shiga inda idonsu ba ya gani, kuma ƙarfe ɗaya kan zaga kunnuwa da yawa.

Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya kada ya tsaya ɗiga mai, ya nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a ranar, da katin inshorar lafiyarsa a hannu.