Gyaran Gida Da Kayan Salla

Idan ƙaramar Salla ta ƙarato, magidanta daga Bakura da Maradun sukan ɗunguma zuwa kasuwar Talata Mafara. Wani har bashi yakan ci saboda atamfa, alhali kuwa soronsa yoyo yake yi. Malamai sun bayyana cewa mazauni wajibi ne a kan miji, tsarabar Salla kuwa kyautatawa ce.

An ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa da hannunsa. To, wanda ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe soronsa, ya gyara indararo tun kafin damina, ya tsimi ladan magini. Daga ciki zai fid da zakkar kono, muddan Nabiyyi 4 ga kowane kai, saura ya yanko wa yara yadi.